A Auna Mu a Tsaye, a Bar Mu Mu Zauna

A watan Yunin 2023 wani bidiyo ya yi ta yawo a wayoyi, har nan Kebbe ya iso. Sojojin fadar Ingila ne, masu jar riga da doguwar baƙar hular gashi, suna gwajin fareti a Landan a gaban Yarima William. Ana cikin busa da kiɗa sai wani ya tafi luu ya zube, can kuma wani, har aƙalla mutum 3. Zafin ranar wajen maki 30 ne, abin da mu a ƙasar Sakkwato za mu ce yau gari ya yi daɗi. Aka kula da su, fareti ya ci gaba. Ba wanda ya turara hayaƙi, ba wanda ya ruga neman mai ruƙiyya. Kowa ya san abin da ya faru: ƙarti ne aka tsayar cak cikin rana da kaya masu nauyi, jini ya taru a ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta, suka faɗi.

Ni malamar firamare ce, matar aure, uwar 'ya'ya, kuma irin wannan faɗuwar ta zame mini abokiyar zama tun ina budurwa. Shi soja sai an daɗe da shanya shi a rana. Ni minti 10 a filin asambuli ya ishe ni. Shi kuma in ya farfaɗo ruwa za a ba shi a ce ya huta. Ni kafin in buɗe ido an gama yanke hukunci a kaina. Wata ta ce, "Ɗiyag ga iska gare ta." Wata ta raɗa cewa ciki ne nake ɓoyewa. Mai ƙarfin hali kuma ya ce makirci ne irin na mata, don kada a ba ni aji.

Akwai wasu jijiyoyi a jikin ɗan Adam da ba sa jiran umarninsa. Su ke tafiyar da bugun zuciya, su ke matse hanyoyin jini ko su sassauta su, su ke sakin zufa, su ke tura abinci cikin hanji, su ke riƙe fitsari. Kana barci suna aiki. Duk lokacin da mutum ya miƙe tsaye, jinin da ya kai rabin lita ko fiye, wato ledar fiya-wata guda zuwa biyu, yakan gangara ciki da ƙafafu. A jikin mai lafiya, wasu 'yan ma'aunai da ke manne da manyan hanyoyin jini a wuya da ƙirji sukan ji raguwar nan take, su sanar da ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa hanyoyin jinin ƙafa su matse, zuciya ta ɗan ƙara sauri. Cikin 'yan daƙiƙoƙi an daidaita, mutum bai ma san an yi ba. Mu namu saƙon ne yake makara, ko ya iso a karkace.

Karkacewar iri-iri ce. Wadda ta fi yawa ita ce ta sojojin nan: tsayuwa ta yi tsawo, ko zafi, ko ganin jini, ko mummunan labari, sai zuciya ta rage gudu a daidai lokacin da hanyoyin jini suka saki. Likitoci sun ce kusan mutum 1 cikin 3 zai suma aƙalla sau ɗaya a rayuwarsa, mafi yawa ta wannan hanya. Akwai ta tsofaffi da masu ciwon suga da ya daɗe, waɗanda jijiyoyin suka gaji, da sun miƙe jini ya sauka. Sai tawa, wadda likitoci ke kira POTS a taƙaice: hawan jini ba ya sauka sosai, amma da na tsaya zuciya sai ta ɗau gudu kamar an biyo ni. A shekarar 1993 wasu likitocin asibitin Mayo na Amurka, Schondorf da Low, suka raɗa mata wannan suna. Kusan 4 cikin kowane majiyyata 5 mata ne, yawanci tsakanin shekara 15 da 50, kuma an ga ƙaruwarta bayan annobar korona. Ga masu cewa shagwaɓar mata ce, tun 1871 wani likita mai suna Da Costa ya rubuta bayanin alamu masu kama da waɗannan, kuma a jikin sojojin yaƙin basasar Amurka ya gan su.

Abin ba ya zuwa ba sallama. Da farko hamma, sai kunnuwa su yi dum, muryar wanda ke gabana ta koma kamar daga bayan katanga yake magana. Zufa mai sanyi ta tsattsafo a goshi, zuciya ta tashi, gari ya fara duhu daga gefen ido yana matsowa tsakiya. Tsakanin hammar nan da duhun ina da 'yan daƙiƙoƙi. In na samu na tsuguna ko na kwanta, shi ke nan, ta wuce. In kunya ta sa na daure, don baƙi na nan ko don hedimasta bai gama jawabi ba, to sai ƙasa.

Faɗuwar nan kuwa ita ce maganin da jiki ya samo wa kansa. Da kai ya daidaita da zuciya jini zai koma ƙwaƙwalwa, mutum ya farfaɗo, galibi kafin minti guda. Amma me muke yi? "Ku ɗaga ta! Ku zamnad da ita!" Mata biyu su tallabe ni su jingina da bango, kaina a sama, jinin da ke ƙoƙarin komawa ya sake gangarawa. Wata ta danna mini albasa a hanci, wata ta ɗura mini ruwa ko fura alhali ban iya haɗiya ba, abin da zai iya shaƙe mutum. Jama'a su yi da'ira su toshe iska. Duk da zuciya ɗaya suke yi, na sani, ban kuma taɓa jin haushin kowa ba. Sai dai abin da ake buƙata bai kai wannan wahalar ba: a bar mutum kwance, a ɗaga ƙafafunsa a ɗora kan kujera ko buhu, a sassauta masa tufafi, a ba shi iska, kada a sa masa komai a baki sai ya dawo hayyacinsa sarai. Mai tsohon ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. In kuwa ba ya numfashi, ko ya wuce minti biyu bai motsa ba, wannan ba irin tamu ba ce, a nemi asibiti da gaggawa.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne batun farfaɗiya. Mai suma yakan yi 'yar fizge-fizge, ido ya juye sama. A 1994 wasu likitoci a Balin ta Jamus sun sa matasa masu lafiya sun suma da gangan suna ɗaukar su a bidiyo, suka ga kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka suma sun yi wannan fizgar. Amma a garuruwanmu, yarinya ta yi haka sau ɗaya a gidan biki, gobe labari ya kai Kuchi ya kai Dogon Daji cewa 'yar gidan wane farfaɗiya gare ta. Wanda ya kawo kuɗin gaisuwa ya fara ja da baya. Iyaye su cire ta daga makaranta don kada ta sake faɗuwa a idon jama'a. Ita kanta farfaɗiyar cuta ce mai magani, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, kuma zaluncin da ake yi wa masu ita ya isa a yi masa rubutu na daban. Amma a ɗora wa yarinya sunan cutar da ba ta da ita, a shekara ana ba ta maganin da ba nata ba, wannan asara biyu ce. Mai suma yakan farfaɗo ya gane mutane nan da nan, sai dai gajiya. Mai farfaɗiya yakan daɗe a ruɗe, sau da yawa ya ciji gefen harshensa. Wanda ya ga faɗuwar da idonsa shi ne babban mai taimakon likita, don haka a riƙa tafiya da shi asibiti.

Ni shekaru na yi ana yi mini maganin taifot da maleriya. Abin da ke rikita lissafin shi ne ƙarin ruwa. Mai irin ciwona, in aka ɗaura masa leda biyu yakan ji garau na kwana ɗaya ko biyu, domin an cika masa hanyoyin jini. To da yake tare da ruwan an yi allurai, sai allurai su kwashe yabon. Bayan mako biyu a sake faɗuwa, a ce taifot ɗin ne ya dawo, a sake sayen wasu. Ranar da aka gano matsalata ba wata na'ura mai tsada aka kunna ba. Wani likita a Sakkwato ne ya saurari labarina har ƙarshe, ya ce in kwanta, ya auna ni, ya ce in tashi, ya sake aunawa. A kwance zuciyata na bugawa 70 da 'yan kai a minti. Ina tsaye, kafin a jima ta haura 120.

A nan ne nake da magana da ma'aikatan lafiyarmu. A duk inda na taɓa zuwa, a zaune ake auna hawan jini. Mutum ya ce yana ganin jiri in ya miƙe, a auna shi a kan benci, a ce lafiyarsa lau. To ai a zaune dama lafiyarsa lau! Awon da ake buƙata na'urar hawan jini da agogo kawai yake ci, kuma kowace ƙaramar cibiyar lafiya daga Kebbe zuwa Tambuwal za ta iya. Majiyyaci ya kwanta minti 5, a auna hawan jini da bugun zuciya. Ya miƙe, wani na kusa don tarewa, a sake aunawa bayan minti 1, bayan minti 3, a ci gaba har minti 10 in zai iya. In lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa ta sauka da 10, cikin minti 3, to jininsa na faɗuwa in ya tsaya. In bai sauka ba amma bugun zuciya ya ƙaru da 30 ko fiye ya zauna a haka, ko da 40 ga mai shekara 12 zuwa 19, kuma an yi wata 3 ana fama, sai a yi zargin irin nawa. Awon ba ya kama kowa. Mai suma jefi-jefi zai iya tsallake shi, shi ya sa tun 1986 likitoci a Landan suka fara amfani da wani gado da ake ɗaure mutum a miƙar da shi a hankali. Amma kafin a kai ga gadon, minti 15 ɗin nan za su raba mutane da yawa da allurar da ba su buƙata. Na san ma'aikaci ɗaya ne ke fama da layin mutum hamsin. Ban ce a yi wa kowa ba. Wanda ya zo da kukan jiri ko suma nake nufi.

Kada kuma a ɗauka kowace suma mai sauƙi ce. Dole a fara duba ƙarancin jini, wanda ya yi katutu a matanmu, da ciki, da suga, da gudawa, da magungunan da mutum ke sha, musamman na hawan jini da masu sa yawan fitsari. Wanda ya suma yana cikin gudu ko aikin ƙarfi, ko yana kwance, ko da ciwon ƙirji, ko ba tare da wata alama ba, ko a danginsu an taɓa yin matashin da ya faɗi ya mutu farat ɗaya, wannan zuciyarsa za a bincika. Ya daure ya kama hanyar Tambuwal, ya bi ta Shagari da Bodinga zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ya nufi Birnin Kebbi, a yi masa awon zuciya na ECG. Na san kuɗin mota da halin da hanyoyinmu ke ciki, amma wannan tafiyar ba a ɗage ta.

Abin da aka ɗora ni a kai ruwa ne da gishiri: lita 2 zuwa 3 a yini, wato fiya-wata 4 zuwa 6, da ƙarin gishiri a abinci. A nan sai an yi hattara ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, mu kuwa akan ce mu kai ninkin haka. Shawarar ba ta mai hawan jini ba ce, ba ta mai ciwon ƙoda ba ce, kuma ko kusa ba ta mai jego ba ce. Ƙasarmu na cikin wuraren da ciwon zuciyar bayan haihuwa ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa suna danganta shi da kunun kanwa da wankan jego, kuma wani bincike na Sakkwato da aka buga a 2007 ya same shi a kusan haihuwa 1 cikin 100 a asibitin. Mai jegon da ke haki, ƙafafunta sun kumbura, tana suma, gishiri zai iya kashe ta. A gidanmu ma tukunyar miya ɗaya ce, kuma surukata na da hawan jini, don haka nawa gishirin a ɗan gwangwani yake, a kwanona nake barbaɗawa.

Zaman gida da wannan lalura lissafi ne daga asuba zuwa dare. Ba na zabura daga shimfiɗa. Sai na zauna bakin gado na motsa ƙafafu na sha ruwa. Maigidana ya sa bulo ya ɗaga ƙafafun gadon ta wajen kai. Wurin da ya fi haɗari shi ne bakin murhu: na daɗe kan kujera 'yar tsugunno, wuta ta gasa ni, ga tukunyar tuwo na tafasa, sai in miƙe in ɗauko mara. Wannan miƙewar ita ce abin tsoro, shi ya sa nake tara komai kusa da hannuna kafin in hura wuta. Rijiya ba na zuwa ni kaɗai. Daka na bar wa inji. In ina da goyo na ji hammar nan, duk inda nake zan zauna in kwance zanen, ko a tsakiyar kasuwa ne. A kan kabu-kabu ba na jin nauyin ce wa yaro ya tsaya. In tsayuwa ta zama dole, nakan harɗe ƙafafu in matse cinyoyi da ɗuwawu, hijabi ya rufa asiri. Mu Hausawa ma mun yi dace, domin tsugunno na cikin abubuwan da suka fi saurin mayar da jini sama, kuma a wurinmu ladabi ne. Na sha tsawaita gaisuwa a gaban dattijo, yana ta sa mini albarka, alhali jira nake duhu ya washe.

Surukata ta daɗe ba ta yarda ba. "Mu da munka haihu goma muna daka muna surhe, wa ag ga mun hwaɗi?" Ban ga laifinta ba, domin ciwon ba ya nuna kansa. Ba rama, ba kumburi, da safe ina dariya, da hantsi ina kwance. Abin da ya sauya ta shi ne ranar da ɗanta ya sa ta riƙe wuyan hannuna ina kwance, sannan ya ce in tashi. Ta ji da yatsunta. Ta ce, "Ikon Allah," ba ta ƙara ba, amma daga ranar ita ke aika yara su ɗebo mini ruwa. Babbar 'yata kuwa ta zama gwana. Ita ke korar mutane, ita ke ɗora ƙafafuna kan turmi tana cewa, "Ku bar Mama, yanzu za ta tashi." Ina jin daɗi, ina kuma jin nauyin cewa yarinya ƙarama ta san wannan aikin.

Gata ma yana da nasa illar. Wasu iyalan da sun ji sunan ciwo sai su kwantar da mutum, kada ya ɗaga ko tsinke. Yawan kwanciya kuwa ƙara lalata abin yake yi, domin naman ƙafa shi ke taimaka wa jini ya hau. Motsa jiki ake so, a fara daga kwance ko zaune. Lalurar ba ta hana motsa jiki, domin Katie Ledecky, 'yar ninƙayar Amurka mai lambar zinare 9 a gasar Olamfik, ta bayyana a 2024 cewa tana da wannan lalura.

A wurin aiki buƙatata ba ta wuce kujera ba. Amma a makarantunmu malamin da ke koyarwa a zaune sunansa malalaci. Wani jami'i da ya zo duba mu ya taɓa samuna a zaune ina karantar da yara, bai tambayi dalili ba ya rubuta abin da ya rubuta. Ga layin tantance ma'aikata, ga na banki, ga na katin ɗan ƙasa, duk a rana. Dokar kare masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce a ba su fifiko a layi, amma wa zai kalle ni da ƙafafuna biyu ya yarda? Takardar likita ya kamata ta wadatar. Su ma yaran makaranta, ban ga abin da tsayuwar rabin awa a rana ke ƙara musu ba, da yawansu ko karin kumallo ba su yi ba. A taƙaita asambuli a watannin Maris zuwa Mayu, ko a zaunar da su a inuwa.

Maza sun fi mu ɓoyewa. Manomi a fadama ko ɗan kabu-kabu ba zai ce yana ganin duhu ba, don kada a ce ya zama rago, sai ranar da ya faɗi da fasinja. Mai ciwon suga da jijiyoyin nan suka taɓu yakan sami rauni a shimfiɗa, ya je ya sayi maganin ƙarfin maza a kasuwa, shi kuma maganin ya ƙara saukar masa da jini.

Saura ibada, inda nake roƙon malamanmu su sa baki. Ba na faɗa da addu'a ko ruƙiyya. Ni ma ina tofa wa kaina. Amma a yi addu'ar a kan hanyar asibiti. Kuma a riƙa faɗa a kan mumbari cewa sauƙin da addini ya yi ba na wanda ke kwance rai a hannun Allah ne kaɗai ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya halatta wa wanda ba zai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune, Suratul Baƙara kuma ta ba majiyyaci damar ajiye azumi ya rama. Kowa ya san wannan a karatu, amma mace mai shekara talatin ta zauna a sahun tarawihi sai an bi ta da kallo. Gara ta zauna da ta faɗi, tunda suma ma warware alwala take yi. Azumin 2024 ya faɗo daga 11 ga Maris zuwa cikin Afrilu, daidai lokacin da zafi ya kai maki 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, mu ma nan muka sha namu. Wanda aka ce ya sha lita 3 a yini da wuya ya iya haɗa ta tsakanin magariba da sahur ya wuni lafiya a irin wannan yanayi. Wasu masu lalurar suna iyawa, in sun yi sahur da ruwan gishiri da sukari suka guji rana. Ni na gwada na ga iyakata, na tambayi likita, na tambayi malami. Kwanakin da suka gagare ni nakan rama su a Disamba da Janairu, lokacin hunturu, kuma bara surukata ce da kanta ta riƙa tashina sahur.